Yadda kuku daga Damagaram zai shirya tafiya aikin girki a ƙasar waje

Otel a Jidda ko Doha ba ya ɗaukar kuku don an ce miyarsa da daɗi. Shugaban kicin ba zai ɗanɗani girkinka ba sai ka isa, kuma ba za ka isa ba sai ya gamsu da abin da ke rubuce a takarda: cewa ka yi aiki a kicin na sana'a, ka san ƙa'idar tsabtar abinci, kuma jikinka lafiya lau. Shi ya sa shirin yake da jeri: sana'a, takardu, neman aiki, kwantiragi, biza, sannan jirgi. Wanda ya fara da miƙa kuɗin biza ya fara daga wutsiya, kuma daga nan ne bashi yake shiga gida. Bayanin nan na maza da mata ne, ko da yake da "kai" za mu yi magana.

Mataki na farko: san matsayin da za a ɗauke ka

Manyan kicin na duniya suna bin tsarin da Bafaranshe Auguste Escoffier ya daidaita sama da shekara 100 da suka wuce. A ƙasa akwai mai wanke-wanke da mai taimakon kicin, sai komi mai yanka da shirya kaya, sai shef-de-parti mai riƙe da ɓangare guda (gashi, miya, abinci mai sanyi, kayan zaƙi), sai mataimakin shugaba, sai shugaban kicin. Ko ka shekara 10 kana riƙe da gidan abinci a Zango ko bakin Kasuwar Dole, a waje komi za a ɗauke ka, sai fa in takardunka sun nuna ka riƙe ɓangare a babban otel. Kada wannan ya ɓata maka rai. Rubuta "shef" a takardar neman aiki alhali ba ka taɓa lissafin kuɗin faranti ba yana sa a jefar da ita.

Masu tsire, balangu da kilishi suna da wata fa'ida da ba su cika lura da ita ba. Sanin wuta, sanin nama da yanka shi siriri daidai, su ne ainihin aikin ɓangaren gashi, kuma gidajen abinci na Larabawa masu mashawi, shawarma da mandi ba sa rabuwa da neman irin wannan hannun. In nan ne ƙarfinka, a nan za ka tsaya ka nemi aiki.

Mataki na biyu: koma girki da awo

A gida "ɗan gishiri" da "a zuba har ya yi" sun wadatar. A otel, faranti na 1 da na 200 dole su fito iri ɗaya, ko kana nan ko ba ka nan. Sayi sikeli mai auna giram, ma'aunin zafi mai tsinke da ake cakawa cikin nama, da wuƙar kuku mai tsawon santimita 20. Daga yau duk abin da ka dafa, ka auna ka rubuta.

Ga abubuwan da ake yawan gwada sabon kuku da su, ka maimaita su har hannu ya haddace. Farar miyar beshamel: bota giram 70, fulawa giram 70, madara lita 1, a soya fulawar cikin botar minti 2 kan wuta kaɗan ba tare da ta canja launi ba, a riƙa zuba madara sannu-sannu ana kaɗawa. In ta yi gudaji, an kwarara madarar ne gaba ɗaya ba a kaɗa ba. In tana warin ɗanyen gari, ba a soya fulawar sosai ba. Ruwan salak: binigar kashi 1, mai kashi 3. Taliya: giram 100 cikin ruwa lita 1 da gishiri giram 10. Shinkafar filaf: awo 1 na shinkafa, awo 1 da rabi na romo, a rufe, kada a juya. Romon kaza ana fara shi ne da ruwan sanyi, a bar shi yana ɗan motsi kawai ana kwashe kumfa. In ya tafasa da ƙarfi sai ya yi duhu-duhu. Ka iya rarraba kaza gida 8 ba tare da farfasa ƙashi ba, ka iya yanka karas sirara kamar ashana, da 'yan murabba'ai na milimita 2. Sai wainar ƙwai 3 irin ta Faransawa, mai laushi a ciki, babu ƙuna a baya. Abin kamar wasa, amma shugabannin kicin suna son wannan gwajin don cikin minti 2 yake tona wanda bai iya sarrafa wuta ba.

Ka kuma iya rubuta takardar girki: sunan abinci, yawan faranti, nauyin kowane kaya, farashinsa, da kuɗin faranti guda. Gidajen abinci da yawa suna so kuɗin kayan ya tsaya wajen kashi 30 cikin 100 na farashin sayarwa. Kukun da ya iya wannan lissafin ya fi saurin samun ƙarin girma.

Mataki na uku: tsabtar abinci, inda aka fi faɗuwa

Nan za mu daɗe, don kuskuren gishiri ana yafe shi, kuskuren tsabta kuwa kora ce. Tsarin da ake bi ana kiransa HACCP, kuma yawancinsa lambobi ne da za ka haddace. Firiji: digiri 0 zuwa 4. Firiza: digiri 18 ƙasa da sifiri. Abinci mai zafi da ke jiran masu ci: kada ya sauka ƙasa da digiri 63. Kaza: tsakiyar cinya ta kai digiri 75, da ma'auni, ba da ido ba. Tsakanin digiri 5 da 60 ƙwayoyin cuta suke hayayyafa da sauri, wasu suna ninka yawansu kowane minti 20. Wanda ya san zafin Afrilu da Mayu a Damagaram, ga ɗaukewar wuta, ya san yadda miyar safe take komawa da la'asar.

Sanyaya abinci ma da ƙa'idarsa. A dokar Faransa, daga digiri 63 zuwa 10 cikin ƙasa da awa 2. Babbar tukunya ba za ta huce cikin wannan lokacin ba, ko an tura ta firiji. Gefe zai yi sanyi, tsakiya na nan da ɗumi har dare. Ana juye abincin ne cikin faffaɗan tire marar zurfi, ko a dasa tukunyar cikin ƙanƙara. Shinkafa ta fi kowa yaudara: akwai ƙwayar cutar da tafasa ba ta kashe irinta, in shinkafar ta kwana a waje sai ta saki guba, kuma ɗumame ba ya kawar da gubar.

A firiji dafaffe yana sama, ɗanye yana ƙasa, ɗanyar kaza a can ƙarƙashin kowa don kada ruwanta ya ɗiga. Kowane mazubi da takardarsa: sunan abu da ranar da aka yi shi, wanda ya riga shiga shi ke riga fita. Katakon yanka launi-launi ne, ja na ɗanyen nama, shuɗi na kifi, kore na ganye; rawaya kam ya danganta da ƙasa, sai ka tambaya ranar farko. Wankin hannu daƙiƙa 20 da sabulu. Zobe, agogo da dogon farce ba sa shiga kicin.

Sai batun da mu ba mu saba ɗaukarsa da nauyi ba: abincin da jikin wasu ba ya karɓa. Tarayyar Turai ta lissafa guda 14 da dole a sanar da mai ci, cikinsu har da gyaɗa, riɗi, madara, ƙwai, kifi da alkama. Ga mu mutanen ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, wannan gargaɗi ne na musamman. Cokalin da ya taɓa yajin tsire, in ya shiga wata tukunya, yana iya toshe numfashin mutum cikin mintuna. In ka sami horo kan HACCP, ko na kwana 2 ne, karɓi takardar shaidarsa ka adana.

Mataki na huɗu: tara shaida da takardu

Yawancin masu ɗaukar aiki suna neman gogewar shekara 2 zuwa sama, a rubuce. In kana da CAP ko BEP na girki, madalla. In babu, bincika cibiyoyin koyon sana'a da horon da asusun FAFPA ke tallafawa, ka kuma yi rajista a ANPE, hukumar samar da aikin yi. Abin da ya fi auki shi ne ka yi shekara 1 ko 2 a otel mai tsari. A Yamai an buɗe manyan otel irin su Radisson Blu da Noom a 2019, lokacin taron ƙolin Tarayyar Afirka, kuma sunan da aka sani a waje yana buɗe ƙofa. Ko sitaj na wata 6 ne, kada ka raina. Duk inda ka bari, karɓi takardar shaidar aiki mai hatimi, da ranar farawa, ranar bari, matsayinka da lambar wayar da za a kira. Takardun albashi da lambar CNSS, asusun fanshon ma'aikata, suna ƙara mata ƙarfi.

Takardun hukuma: takardar haihuwa, ta ɗan ƙasa, fasfo, katin rigakafin shawara mai ruwan ɗorawa, da takardar kotu mai nuna ba ka da laifi. Ita takardar kotun wata 3 kawai take aiki, don haka kada ka karɓe ta sai an buƙata. Fasfo kuwa, ƙasashe da yawa suna neman ya rage masa aƙalla wata 6, amma ga mai kwantiragin shekara 2, gara ya tafi da sabo.

Ka baje takardun nan duka a tabarma ka duba suna harafi-harafi. Mamane a takardar haihuwa, Mahamane a difloma, Mohamed a shaidar aiki: a wurinmu mutum ɗaya ne, a wurin ma'aikacin biza mutum 3 ne. Haka ranar haihuwa, musamman ga masu takardar kotu ta madadin haihuwa. Gyaran yana cin makonni, a yi shi tun babu mai jiranka. Wasu ƙasashe za su nemi a fassara takardun wurin tafinta mai rantsuwa, a buga musu hatimi a ma'aikatar harkokin waje a Yamai, sannan a ofishin jakadancinsu.

Je asibiti ka yi gwajin ciwon hanta B da C, ƙanjamau, da hoton ƙirji, tun kafin ka kashe ko dala. Ƙasashen Larabawa na yankin Gulf suna gwada waɗannan, kuma ana sake gwaji bayan an sauka. A Daular Larabawa (ƙasar su Dubai) mai aikin abinci sai an duba shi ciwon hanta B. Cutar tana iya zama a jiki shekaru ba alama. Gara ka sani a Damagaram ka fara ganin likita, da a mayar da kai daga can bayan an sayar da gona.

Mataki na biyar: wace ƙasa?

Mafi kusa ita ce mafi sauƙi. Nijar ta fita daga CEDEAO ranar 29 ga Janairun 2025, amma tana cikin UEMOA, ƙungiyar ƙasashen yammacin Afirka masu kuɗin sefa, wadda yarjejeniyarta ta ba 'yan ƙasashenta 8 damar zirga-zirga da neman aiki. Abijan, Dakar da Lome suna da manyan otel, kuɗin sefa ɗaya ne, Faransanci ɗaya. Shekara 2 a can tana gyara takardar neman aikinka ƙwarai.

Saudiyya: babu alade, babu giya a kicin, ga Umara kusa. Amma ka lura da irin bizar. Kukun kamfani ko otel yana ƙarƙashin dokar ƙwadago, kwantiraginsa yana shafin hukuma mai suna Qiwa. Kukun gida kuwa ma'aikacin gida ne, ta wani shafin hukuma mai suna Musaned ake ɗaukarsa, kuma sassaucin da aka fara a Maris na 2021, wanda ya ba ma'aikaci damar canja wurin aiki bayan shekara 1, bai haɗa da shi ba. Sana'ar da aka rubuta a iƙamarka, wato katin izinin zama, ita ce sana'arka a idon hukuma. Wanda aka kai da bizar makiyayi ko direba da alkawarin "can za a gyara" ya shiga hannun mutane. Shiga da bizar Umara a maƙale kuma kowa ya san sunansa, zaman takari: aiki a ɓoye, albashi yadda maigida ya ga dama, ƙarshe kamu da kora. A dokar ƙwadagonsu aiki awa 48 ne a mako, awa 36 ga Musulmi cikin azumi, hutun shekara kwana 21, kuma kuɗin ɗauko ma'aikaci, na iƙama da tikitin komawa gida a ƙarshen kwantiragi duk a wuyan mai ɗaukar aiki suke.

Katar ta kafa mafi ƙarancin albashi tun Maris na 2021: riyal 1,000, da 500 na masauki da 300 na abinci in kamfani bai ba da su ba. Riyal 1,000 yana kamawa tsakanin jaka 150 da 170, gwargwadon tashin dalar Amurka. In ka gwada da mafi ƙarancin albashin Nijar, jaka 42, da yawa ne. In ka gwada da labaran da dillalai ke bayarwa, kaɗan ne. A Daular Larabawa takardar tayin aiki ta hukuma daga ma'aikatar ƙwadago, MOHRE, take fitowa, ana iya duba lambarta a shafinsu, kuma aiki da bizar yawon buɗe ido laifi ne.

Kanada tana da shirin Mobilité francophone ga masu jin Faransanci da za su yi aiki a wajen lardin Kebek. Tun Yunin 2023 ana neman mataki na 5 a jin Faransanci da magana da shi, wanda jarrabawar TCF ko TEF ke tabbatarwa. Sai ka fara samun mai ɗaukarka. Shi zai shigar da tayin a shafin hukuma ya biya nasa kuɗin, kai ka biya na izinin aiki da na ɗaukar zanen yatsu. A ɗaya hanyar, mai takardar EIMT wadda ke nuna ba a sami ɗan Kanada da zai yi aikin ba, kuɗinta dalar Kanada 1,000 mai ɗaukar aiki ne ke biya, kuma doka ta hana ya karɓa daga hannunka.

Faransa tana ƙarancin kuku, amma ofishin jakadancinta a Yamai a rufe yake tun Janairun 2024, hanyar ta yi tsawo. Mafi ƙarancin albashi ya ɗan haura Yuro 1,800 kafin a yi yanke-yanke, hayar ɗaki kuma tana lashe babban kaso. A can da Kanada za ka tarar da alade da giya a girki. Ka yanke shawara tun a gida, ka faɗa a ganawar farko, ko ka nemi gidajen abinci na halal; ranar da aka miƙo maka kwanon ba ranar muhawara ba ce.

Hanyar Agadas zuwa Libiya ko Aljeriya ba ta cikin wannan lissafin. Mutanen Kance ba su manta da 2013 ba, shekarar da aka tsinci gawa 92 a hamada, yawancinsu mata da yara. Wanda ya isa ma, ba takarda ba kwantiragi, wanke-wanke ne a ɓoye har ranar da za a sauke shi kusa da Asamaka.

Mataki na shida: neman aikin da tantance dillali

Takardar neman aiki shafi 1, da Faransanci da Ingilishi. Haɗa hotuna 10 zuwa 15 na farantanka cikin haske mai kyau, da bidiyon minti 1 kana yanka. Manyan kamfanonin otel irin su Accor, Marriott da Hilton suna da shafukan ɗaukar ma'aikata, kuma neman kyauta ne. A otel ɗin Gulf Ingilishi ne harshen kicin, don abokan aikinka 'yan Indiya, Nepal, Filifin da Masar ne. Ba sai ka iya dogon Turanci ba. Sunayen kayan miya, kayan aiki, lambobi da umarni, su za ka haddace. Ganawa yawanci ta bidiyo ce: nemi wuri mai intanet mai ƙarfi, ka cika batir, ka sa farar rigar kicin.

Dillalin gaskiya yana da ofis da lasisi, yana faɗa maka sunan otel ɗin, kuma za ka yi magana da wani daga kicin ɗin. Alamun ɗan damfara ba sa canjawa: aiki ba ganawa, albashin da ya ninka na kasuwa, adireshin imel na kyauta maimakon na kamfani, "turo kuɗi yau, gobe an rufe", da tura kuɗin da sunan wani mutum. Nemo lambar otel ɗin da kanka a shafinsu ka kira ka tambaya ko suna ɗauka. Yi wannan lissafin kafin ka ci bashi: in ka biya miliyan 1 da rabi, kana iya ajiye jaka 100 a wata, wata 15 na farko dillali ka yi wa aiki.

Mataki na bakwai: kwantiragi

Kada ka sa hannu kan harshen da ba ka ji. A Saudiyya da Katar, in aka yi gardama, rubutun Larabci ne hujja, don haka kai wa wanda ya iya Larabci ya karanta maka layi-layi. Damagaram ba ta rasa malamai. Duba sunan kamfani, matsayi, gari, awannin aiki, ranar hutu, kuɗin ƙarin lokaci, masauki (mutum nawa a ɗaki?), abinci, inshorar lafiya, tikiti, da tsawon lokacin gwaji, wanda yake iya kai wata 6.

Ka raba tushen albashi da alawus. A Daular Larabawa kuɗin sallama kwana 21 ne na tushen albashi a kowace shekara cikin 5 na farko. Mai tushen dirhami 1,500 zai sami 1,050 a shekara. Wanda aka rubuta masa tushe 900, sauran duk alawus, zai sami 630, alhali abin da suke karɓa a wata ɗaya ne. In aka miƙo maka wani kwantiragin daban bayan ka sauka, fito da kwafin na farko, kada ka sa hannu don kunya.

Tafiya da watannin farko

Wuƙaƙe a naɗe cikin jakar da ake aunawa, ba ta hannu ba. Kilishi ba ya shiga Turai ko Kanada, ƙwacewa ake yi, wani lokaci har da tara. Ɗauki hoton kowace takarda ka tura wa kanka ta imel, ka bar kwafi wurin wani babba a gida, tare da sunan kamfanin da adireshinsa. Ka riƙe guzurin wata guda, don albashin farko sai ƙarshen wata ko bayansa. Sayi takalmi rufaffe marar santsi. Tsayuwar awa 10 kan jiƙaƙƙen daɓe da silifa tana ƙarewa ne a asibiti.

Fasfonka naka ne. Riƙe shi da maigida ke yi ya saɓa doka a Saudiyya, Katar da Daular Larabawa. In an karɓa don yin iƙama, ka tambayi ranar dawo da shi. Yi rajista a ofishin jakadancin Nijar, ga na Saudiyya akwai a Riyad da ƙaramin ofis a Jidda. In albashi ya maƙale, kada ka gudu daga wurin aiki, don rahoton gudu yana mayar da mai gaskiya mai laifi. Kai ƙara ofishin ƙwadago da kwantiraginka da bayanan banki. Rubuta awannin da ka yi kullum a ɗan littafi, shi ne shaidarka.

A kicin, zo minti 15 kafin lokaci, ka shirya teburinka kafin oda ta fara sauka. In shugaba ya yi magana, amsa da ƙarfi don ya san ka ji. Bi takardar girkinsu ko da kana ganin taka ta fi. Bayan an yarda da kai ne za ka kawo ɗanɗanon gida, kuma abincin ma'aikata shi ne wurin gwada shi. Lokacin salla ka daidaita da shugaban ɓangarenka tun makon farko, ka nuna masa wanda zai riƙe maka wuta na minti 10.

Kuɗin da za ka riƙa turowa gida, ka yanka adadi guda ka sanar da iyali tun farko, ka ware wani kaso a asusun da ba kowa ya san da shi ba. Kafin ka baro kowane wurin aiki, karɓi takardar shaidar aiki mai hatimi da lissafin kuɗin sallamarka a rubuce, ka tabbata kuɗin sun shiga asusu kafin ka sa hannu a takardar da ke cewa ba ka bin su komai.